Magidanci Da Ajin Koyon Girki

Jama'a masu karatu, a cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan jiya akwai guda ɗaya wadda muka daɗe muna jujjuyawa kafin mu ɗauki alƙalami. Wani ma'aikacin gwamnati ne ya aiko da ita, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ya bar iyalinsa a garinsu saboda tsadar haya. Ya ce yau shekararsa biyu ke nan ba ya cin abincin gida sai ran da ya je ganin iyali a ƙarshen wata; da safe yana wurin mai shayi, da rana gidan abinci, da dare wurin mai tsire. Kuɗi suna zurarewa, ciki ya ƙi daɗi, likita kuma ya gaya masa jininsa ya fara hawa. Ana nan sai ya ga sanarwar wata makaranta da ke koya wa 'yan koyo girki kowace Asabar, har ya karɓo takardar shiga, amma abokan aikinsa suka yi masa ca. Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ce zubar da girma ne, wani kuwa ya ce masa haramun ne, domin kwaikwayon mata ne, balle ma ga shi mai koyarwar mace ce. Shi ne yake tambaya, mene ne matsayin wannan al'amari?

Amsarmu a taƙaice ita ce, ya cike takardarsa ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Abin da ya sa muka yi jinkiri kuwa shi ne, ba za mu iya kawo masa dalili tsakani da Allah ba sai mun tona asirin kanmu, domin mu ma mun zauna a irin wannan aji, da rawaninmu da furfurarmu.

Ga yadda abin ya faru. Shekara biyu da suka wuce aka yi wa maiɗakinmu aiki a asibiti, aka sallamo ta da sharaɗin kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta daɗe a tsaye, har wata biyu, kuma a rage mata gishiri ƙwarai saboda hawan jini. 'Ya'yanmu mata suna gidajen mazajensu a garuruwa masu nisa. Babbar ta zo ta yi mako guda, jaririnta ya kamu da zazzaɓi, tilas ta koma. Maƙwabta, Allah ya saka musu da alheri, sun yi ta aiko da kwano, amma fa ba a gaya wa mai kyauta yawan gishirin da zai sa a miyarsa. Na sayarwa kuwa ba a magana. Ran nan da magariba muka kai mata wani abinci da aka sayo, ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta ce, "Malam, wannan ai gara in kwana haka." Ba ta faɗa da fushi ba. Amma maganar ta tsaya mana a rai har muka idar da sallar isha'i, sa'an nan muka naɗe hannun riga muka shiga madafa, wurin da muka yi shekara talatin muna wucewa ta ƙofarsa ba mu san inda ake ajiye ashana ba.

Tuwon masara muka nufa, domin a ganinmu babu abin da ya fi shi sauƙi: ruwa ne da gari. Ruwa ya tafasa, muka juye gari gaba ɗaya, muka kama muciya. Abin da ya fito, Allah shi ne shaida, ba tuwo ba ne, ba kunu ba ne. Gudaji ne jere kamar tsakuwa, samansu ya dahu, cikinsu ɗanyen gari, ƙasan tukunya kuma ya kama har ƙauri ya kai zaure. Miyar kukar da muka kaɗa ta dunƙule wuri ɗaya tana iyo a kan ruwa. A daren nan da shayi da burodi mai jinya ta kwana. Muka zauna muna tunani: ga mutum ya yi shekaru a Alƙahira yana karatu, zai iya warware i'irabin baiti mai wuya, zai iya raba gādon da ya gagari alƙalai, amma matar da ta ciyar da shi shekara talatin ta kwanta ciwo, ya kasa ciyar da ita dare ɗaya. Da ta sami sauƙi muka nemi wata cibiyar koyon sana'a a garinmu inda ake ba da darasin girki na mako takwas, muka biya, aka rubuta sunanmu.

To, bari mu koma ga maganganun abokan mai tambaya, mu fara da mafi nauyinsu, watau cewa girki kwaikwayon mata ne. Hanin da ya zo game da namiji ya yi kama da mace gaskiya ne, kuma mai tsanani ne, amma malamai sun bayyana abin da ake nufi da shi: sutura da ado da tafiya da karya murya, da sauran abin da ya keɓanta ga mata. Tukunya ba ta cikin wannan. In da tana ciki, da mai tsiren da abokan nan suke yi wa layi kowane dare ya shiga uku, haka mai balangu, da mai ƙilishi, da mai shayin da ke soya musu ƙwai da safe, da kukun da ke dafa wa manyan baƙi abinci a otal. Duk waɗannan maza ne, ba mu taɓa jin wanda ya ƙi bin su salla saboda sana'arsu ba. Ashe ke nan abin da al'adarmu take ƙyama shi ne namiji ya yi girki a gidansa kyauta. In don kuɗi ne a bakin titi, ba laifi. Mun san kuma inda tsoron ya samo asali, domin a garuruwanmu an saba ganin 'yan daudu suna sana'ar abinci, sai mutum ya ji tsoron kada a haɗa shi da su, ko a kira shi mijin-ta-ce. Amma abin da aka zarga ga waɗancan ɗabi'unsu ne, da za su bar su su riƙe ludayinsu da ba wanda ya isa ya ce musu uffan.

Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a cikin gida, ta ba da amsa cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi ya fita. A waɗansu ruwayoyin an ambaci ɗinke tufafinsa da gyaran takalminsa da tatsar akuyarsa. Akwai kuma labarin da Anas ɗan Malik ya bayar na wani tela da ya gayyaci Manzon Allah zuwa ga abincin da ya shirya, gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama, kuma aka amsa gayyatar aka ci. Duk Bahaushen da ya ji wannan haɗi zai tuna da miyar taushe.

Maganar zubar da girma kuwa, a nan ne abin dariyar yake. Malaman fiƙihu suna da abin da suke kira muru'a, watau kamala da kiyaye mutunci gwargwadon al'adar wuri da zamani, kuma sukan yi bayaninta a babin shaida, inda suke lissafa abubuwan da ke rage darajar mai ba da shaida a gaban alƙali. Daga cikin misalan da suka fi yawan kawowa akwai cin abinci a kasuwa a idon jama'a ga wanda ba ɗan kasuwa ba. Ba muna cewa shaidar duk wanda ya zauna a bencin mai shayi ta faɗi ba, domin al'ada ta sauya, larura kuma tana da hukuncinta. Amma in dai da ma'aunin magabata za a auna, babban ma'aikaci da ke tsaye a bakin titi da dare yana cin tsire a takarda ya fi kusa da abin da suka ƙi, a kan wanda ya rufe ƙofarsa ya dafa wake da shinkafa.

Wataƙila wani zai ce, to ai girki wajibin mace ne, me ya kai namiji ciki? Wannan mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma ya kamata magidanta su san haka, domin da yawa suna ɗauka nassi ne yankakke. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa, idan miji mai wadata ne, matar kuma tana cikin waɗanda irinsu ake yi wa hidima, to wajibi ne a kansa ya samo mata mai aiki. In ba haka ba, hidimar cikin gida tana kanta, irin su kwaɓa gari da girki da shara da shimfiɗa, ban da aikin neman kuɗi kamar saƙa da kaɗi. Abin da ya shahara a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya shi ne ba a tilasta mata, kyautatawa ce take yi. Hanafiyya suka ce yana kanta tsakaninta da Allah, amma alƙali ba zai tilasta ta ba. Masu wajabtawa, cikinsu har da Ibn Taimiyya wanda ya mayar da abin ga al'ada, suna kafa hujja da Nana Faɗima, wadda dutsen niƙa ya yi wa hannu kanta har ta je neman mai taimako. Ko wanne mutum ya bi, abu biyu suna nan daram: babu malamin da ya ɗora girki a kan mace marar lafiya, ciyar da ita kuwa yana kan miji, da lafiya da ciwo. Wanda ya ajiye buhun masara a gaban matar da ba ta iya tashi, ya ce ya sauke nauyin ciyarwa, sai ya sake duba littafinsa. Balle kuma mai tambayarmu, wanda tsakaninsa da matarsa akwai tafiyar yini guda a mota.

Saura batun mace ta koyar da namiji. Karɓar ilmi daga mace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manyan sahabbai da tabi'ai sun ɗauki ilmi daga Nana A'isha, a ƙasarmu kuma har gobe maza suna karanta rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Abin da aka hana shi ne keɓancewa da matar da ba muharrama ba, da sakin ido, da wasan banza. Saboda haka sharaɗinmu ga mai tambaya shi ne aji ya zama na jama'a a buɗe, kada ya yarda da darasin mutum ɗaya a ɗaki rufe, ko a gidansa ko a gidanta, kuma ya sanar da maiɗakinsa tun kafin labari ya je mata ta bakin wani. In ya sami ajin maza zalla, ko malami namiji, ya fi kwanciyar rai. A ajinmu mu goma sha ɗaya ne, maza uku: mu, da wani saurayi mai bautar ƙasa, da wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara huɗu. Tebur ɗaya aka ware mana a gefe. Sauran 'yan mata ne masu shirin aure, waɗanda a makon farko suka sha dariya a cikin mayafi, a mako na uku kuwa suka manta da mu.

Ga wanda yake ganin girki bai kai a kira shi ilmi ba, sai mu ce magabata ba su raina shi haka ba. A Bagadaza, a ƙarni na 10 na Miladiyya, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara littafin girki mai ɗauke da kalar abinci fiye da 600, tare da babobi a kan kayan madafa da wanke hannu da ladubban ci. A cikin waɗanda ya ɗebo daga gare su akwai Ibrahim ɗan Mahdi, ɗan'uwan Halifa Haruna Rashid, ɗan sarki wanda ya yi suna wajen sanin girki har aka sa wa wani abinci sunansa. A shekara ta 623 ta Hijira, daidai da 1226, Muhammad ɗan Hasan al-Bagadadi ya rubuta nasa littafin, ya buɗe shi da gargaɗi ga mai girki a kan yanke farce da tsabtace tukwane. A wannan ƙarni kuma Ibn Razin al-Tujibi, malami mutumin Andalus wanda ya ƙare rayuwarsa a Tunis, ya wallafa littafi a kan abincin ƙasarsu da ya baro. Ba mu ji an cire ɗayansu daga sahun masu mutunci ba.

Amma me ya sa sai aji? Me zai hana mutum ya koya wurin matarsa, ko ya kalli masu girki a wayarsa? Mun gwada duka biyu. Na waya yana nuna maka tukunyarsa, amma ba ya ganin taka, ba ya jin ƙaurinta, ba zai ce maka rage wuta ba. Daidai yake da ɗalibin da ya ɗauki karatu daga takarda ba daga bakin malami ba, wanda malamanmu suka daɗe suna gargaɗi a kansa. Koyo wurin uwargida kuwa yana da matsala biyu. Ta farko, gwanar da ta yi shekara talatin tana girki ba ta san awo ba, hannunta ne ya sani. Ka tambaye ta ruwa nawa, ta ce daidai. Gishiri fa, ta ce ɗan kaɗan. Yaushe za a sauke, ta ce in ya yi. Ibn Haldun ya yi bayanin wannan a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, inda ya nuna cewa sana'a malaka ce, watau ƙwarewar da ke zama a jiki ta hanyar maimaita aiki a gaban mai koyarwa. Wanda malaka ta zauna masa sau da yawa ya manta matakan da ya taka, shi kuwa ɗan koyo matakan yake bukata. Matsala ta biyu tamu ce mu maza, gara mu faɗe ta: magidanci ba ya son gyara daga matarsa. Sau biyu ta ce mana ba haka ake riƙe muciya ba, a na uku muka ji ranmu ya fara ɓaci, ita kuma ta yi shiru don girmamawa, darasi ya mutu ke nan. A aji kuwa kuɗinka ka biya don a gyara maka.

Malamar tamu sa'ar babbar 'yarmu ce. Ran farko ta rasa yadda za ta yi da mu, tana ta rusunawa, sai muka ce mata, "Malama, a nan ke ce mai allo, mu almajirai ne, kada ki raga mana." Ta kuwa riƙe wannan magana. Ba a kunna wuta ba a ranar. Wuƙa da albasa aka ba kowa. Muka kama wuƙa yadda muka saba kama ta ran Babbar Salla, sai muka ji ta a bayanmu tana cewa, "Baba Malam, Allah gafarta, albasa ce, ba ragon layya ba." Ta nuna mana yadda ake raba albasa biyu a kifa ta a kan katako don kada ta mirgina, a lanƙwashe yatsun hagu ciki, gaɓoɓinsu su tokari gefen wuƙa. Ta ce dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mutum, domin sai an danna ta da ƙarfi, ta zame. Mu da muka sha karantar da muhimmancin wasa wuƙa kafin yanka don tausaya wa dabba, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa tausayin ya shafi yatsun mai girki ba. Albasa shida muka yanka a ranar, muna hawaye, ɗan kasuwa yana hawaye, kowa ya sami abin fakewa.

A mako na uku aka zo kan tuwo, a nan muka gane laifinmu na daren nan. Ashe ba a zuba busasshen gari a tafasasshen ruwa kai tsaye, domin bayan kowane dunƙule yakan dahu nan take ya rufe, ruwa ya kasa shiga cikinsa. Sai an ɗebi kaɗan an dama da ruwan sanyi, a zuba ana motsawa, wannan shi ne talge; a rufe shi ya nuna sosai; sa'an nan a riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, ana murje shi a jikin tukunya; a rage wuta, a yayyafa ruwa, a rufe ya turara, a sake tuƙawa, kana a kwashe da mara. Kuka ma haka, sai daddawa da kayan ƙamshi sun dahu a ruwan nama, a rage wuta, a riƙa barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi. Dukan wannan ba ya cika rabin shafi, amma sai da muka yi tuƙi biyar kafin kafaɗarmu ta gane shi. A nan ne kuma muka san cewa tuƙin tuwon gida mai mutum goma aikin ƙarfi ne sosai, ga zafi, ga hayaƙi, ga tuwo yana tsalle yana ƙona hannu, kuma akwai wadda take yinsa kullum, har da watan azumi, har da tsohon ciki.

Abin da ya kai mu ajin tun farko, watau gishiri, shi ma an yi mana bayaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi da yajin tsire da dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar gidansu ce. Malama ta koya mana jawo ɗanɗano daga wani wuri: a soya albasa a hankali har ta yi zaƙi, a bar jajjagen tumatir da tattasai ya soyu har tsaminsa ya fita mai ya taso, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi, gishiri kuwa a auna shi da cokali a sa daga ƙarshe. Mai tambayarmu da jininsa ya fara hawa ya lura da wannan, domin babu gidan abincin da zai auna masa.

Darasin da muka fi ganin amfaninsa, bayan wannan, shi ne na tsabta da wuta. A 2015 hukumar nan ta lafiya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 600 suke kamuwa da ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma 137,000 daga cikinsu a Afirka suke. Mu da muka iya babin tsarki mukan ɗauka mun gama da tsabta, alhali abu yana iya zama mai tsarki a shari'a, a yi salla da shi, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ɗanyen naman kaza da aka yanka da sunan Allah halal ne, amma wuƙa da katakon da suka taɓa shi ba za su taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye ba sai an wanke su da sabulu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, musamman shinkafa, domin akwai ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashe irinta, in shinkafa ta kwana a ɗumi sai ta tsiro ta zuba dafin da ɗumame ba ya karya shi. Mai zaman kaɗaici, wanda zai so ya dafa tukunya guda ya ci kwana uku, ga wutar lantarki ba tabbas, shi ya fi kowa bukatar jin wannan. Game da tukunyar gas kuma, in an ji wari kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa da taga, a nemi inda take yoyo da ruwan kumfar sabulu. In mai ya kama da wuta a kasko, a kashe murhu a kifa murfi. Wanda ya watsa ruwa ya watsa wa fuskarsa wuta. Gawayi kuwa ba a shiga da shi ɗaki a rufe ko da hunturu ya tsananta, domin yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Akwai mas'aloli biyu da za su iya tasowa ga mai tambaya, tun da yake a Abuja yake, inda waɗansu makarantun suke koyar da girkin Turawa. Ta farko, akwai abincinsu da ake zuba wa giya, kuma za a ce masa ai wuta tana ƙone ta duka. Wannan magana ba ta inganta ba. Binciken da masana suka buga a Amurka a 1992 ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kashi 5. Mu a wurinmu ko da ta ƙone duka, sayenta da zuba ta bai halatta ba tun farko. Sai ya gaya wa masu makarantar tun ran biyan kuɗi cewa ba ya taɓa giya da naman alade. Ruwan nama da lemun tsami ko ruwan hal suna tsayawa a madadinta, shi kuwa hal halal ne. Ta biyu, ɗanɗana miya ga mai azumi. A Malikiyya makaruhi ne mutum ya ɗanɗana ya tofar, in kuwa wani abu ya wuce maƙogwaro sai ramuwa. An ruwaito sauƙaƙawa daga Ibn Abbas, kuma waɗansu mazhabobi sun yarda da shi in da bukata. Wanda ya koyi awo da cokali ya huta da wannan saɓani.

Kada kuma ya ruɗu da makarantar da za ta fara masa da kek da abincin biki. Ya tambaya tukuna: kowa yana kama wuƙa da tukunya da hannunsa, ko kuwa kallo ake yi? Mutum nawa ne a murhu ɗaya? Kuɗin da aka yanka ya haɗa da cefane? In ya fito ya iya shinkafa da ba ta caɓe ba, da wake, da miyar dage-dage, da miyar kaɗi guda ɗaya, da tuwo, da kunu ko faten da za a ba marar lafiya, kuɗinsa sun biya. Kuma duk abin da aka koya ran Asabar ya maimaita shi sau biyu kafin wata Asabar, ya ci abin da ya dafa ko ya yi daɗi ko bai yi ba, in dai ya nuna, domin zubar da abinci ba ya cikin darasi.

Abokin karatunmu mai yadi, har yanzu mukan haɗu da shi a masallacin Juma'a. Ya ce yanzu da asuba yake dafa wa yaransa abin tafiya makaranta kafin ya buɗe shago, ƙaramarsu kuma ta daina kukan sai abincin gidan maƙwabta. Mu kuwa, a daren da aka rufe ajin, muka roƙi maiɗakinmu ta ba mu aron madafa, ta zauna a tsakar gida tana jin motsin tukwane, ba ta ce kome ba. Muka kawo mata malmala biyu da miyar kuka, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ta gutsura, ta murza a yatsa kamar mai duba yadi a kasuwa, ta ci, ta ƙara ci. Sa'an nan ta ce, "Malam, gudajin sun ragu. Amma gobe in ka gama ka jiƙa tukunyar, jiya da ƙyar na kankare ƙanzonka."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ga tambayoyin da 'yan kasuwa suka aiko game da zakkar kayan da suka shekara a shago ba a sayar ba.